Na yi wa maiɗakina waƙa, ta ce ba ta gane wadda nake nufi ba

Habibu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar rubuta waƙa, musamman waƙar soyayya mai sanyi, irin wadda ake rerawa a hankali da fiyano ko jita kaɗai.

Waƙa ba sana'ata ba ce. Ina da ƙaramin fiyano na lantarki a ɗaki, na koya wa kaina dannawa shekara shida da suka wuce. Watan gobe ni da maiɗakina za mu cika shekara 10 da aure, kuma tun farkon shekarar nan na ƙudurta a raina zan yi mata waƙa tata ita kaɗai. Wata bakwai ina fama. Na cika littafi guda da rubutu da sokewa. Daga ƙarshe na tsaya a kan baiti shida, kowanne ɗango huɗu, da amshi shi ma ɗango huɗu. Idan na rera ta duka tana cin kusan minti bakwai.

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan yara sun yi barci, na kasa haƙuri na rera mata. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ta yi daɗi, Abban Hanifa." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Amma ita wannan da kake wa waƙar, ban gane ta ba." Cikin taushin murya ta faɗa, har da murmushi, amma tun daren maganar take cina a rai.

Ga baitin farko don ku ga abin da nake nufi:

Ke ce tauraruwa a samaniyata,
Ke ce fitila cikin duhun rayuwata,
Furen da ya tsiro a lambun zuciyata,
Ba ni da kowa sai ke, masoyiyata.

Wallahi ba ƙarya a ciki, haka nake ji game da ita. Abin da na kasa ganewa shi ne, waƙoƙin da suka fi taɓa ni a rayuwa kalmominsu ba su da yawa, yaro ma yana iya haddace su a ji biyu. Amma ni in na sauƙaƙa tawa sai ta zama maganar da kowa ke yi, in na ƙawata ta kuma sai ta yi nauyi kamar karatu. Yaya ake yin waƙa mai sauƙi ba tare da ta zama fanko ba? Saura mini kwana 26.

Malam Isiyaku:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Shekara 24 ke nan ina rubuta wa mawaƙa baiti, ban taɓa samun mai gyara da ya kai maiɗakinka iya faɗin gaskiya a taƙaice ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada maganar ta karya maka gwiwa, domin ba cewa ta yi ba ka son ta ba. Cewa ta yi ba ta ga kanta a ciki ba, wannan kuwa aikin alƙalami ne, yana gyaruwa.

Yi wannan gwajin. Ɗauki baitin da ka turo ka ba wani saurayi da bai taɓa ganin iyalinka ba, ka ce ya aika wa budurwarsa. Akwai kalma ɗaya da zai canza? Babu. To ka ga matsalar. Rigar da aka ɗinka don ta shiga kowa, ba wanda za ta zauna wa daidai. Matar da ka yi shekara 10 da ita tana da yadda take dariya, tana da kalmar da take yawan faɗa, tana da abin da take yi da hannunta in ranta ya ɓaci. Ko ɗaya babu a baitin nan. Ta nemi kanta ta rasa, shi ne ta gaya maka.

Sannan ka lura da yadda ka wahalar da mai sauraro. A ɗango na farko ka ɗaga masa kai sama ya dubi tauraruwa. Kafin ya gama dubawa ka shigar da shi ɗaki mai duhu da fitila. Bai zauna ba ka fitar da shi lambu. Kamance uku a numfashi uku, kuma babu wanda ka tsaya a kansa har ya yi aiki. Waƙa mai sanyi ba ta ɗaukar wannan zirga-zirgar. Wuri ɗaya take so, lokaci ɗaya, mutum biyu.

Abin da ya ja ka kuwa na san shi, don ni ma ya daɗe yana ja na. Dubi ƙarshen ɗangayenka: samaniyata, rayuwata, zuciyata, masoyiyata. Wannan "ta" ɗin ta mallaka, kusan duk sunan da yake jinsin mace yana karɓar ta, saboda haka amsa-amon ba ya ƙarewa. Ana cikin haka sai ka tarar amsa-amo ne ke zaɓar maka kalma, kai kana bin sa a baya. Ina da tabbacin "lambun zuciyata" ba daga abin da kake ji ya fito ba. Kana neman abin da zai dace da "rayuwata" ne, shi kuma ya zo kusa. Kunne yana gane wannan ko da mai kunnen bai taɓa jin sunan amsa-amo ba.

Na kan tuna wa yaran da nake koya wa yadda mawaƙan Larabawa na kafin zuwan Musulunci suke buɗe ƙasida da begen masoyiya. Mawaƙi zai tsaya a kufan da danginta suka tashi, ya nuna maka duwatsun murhu da hayaƙi ya baƙanta, da ɗan ramin da aka haƙa kewaye da tanti don kare ruwan sama. Abin da ya rage ke nan na zamanta a wurin. Fiye da shekara 1,400 ana karanta wannan, mutane suna jin kewar matar da ba su taɓa gani ba. Dutsen murhu ne ya ɗauki kewar, domin ana iya ganin sa.

A cikin duk abin da na rubuta, wadda har yau ake tare ni a yi mini maganarta ba ta da kamance ko ɗaya. Wani bawan Allah ne da aiki ya raba shi da iyalinsa ya ba ni labari, a cikin hira ya ce mini matarsa ba ta taɓa riga shi kashe waya ba, ko da sun gama magana sai ya ji numfashinta tana jira. Na rubuta baiti 14 a kan rabuwarsu, da kewa, da dare, da hanya. Wata uku ina yankewa har suka koma uku, kuma duk abin da ya tsira yana kewaye da wayar nan ne. Wahalar waƙa mai sauƙi a wurin yankewa take, musamman yanke baitin da ka san ya yi kyau amma ba na waƙar ba ne.

Saboda haka rufe littafin nan naka, kada ka yaga shi, ajiye shi dai. Ɗauki farar takarda ka rubuta abubuwa goma da ta taɓa yi ko ta faɗa waɗanda kai kaɗai ka gani. Da zube za ka rubuta, yadda kake magana, ba kari ba amsa-amo, kuma ban yarda ka sa "kyakkyawa" ko "mai haƙuri" ba. Abin da ya faru kawai, da ranar, da wurin. A cikin goman akwai ɗaya da in ka zo rubuta shi za ka ji maƙogwaro ya ɗaure. Dawo mana da shi.

Habibu:

Malam, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda ka ce, ban ma kai goma ba, a na huɗu na tsaya.

Shekara uku da suka wuce na yi haɗarin mota, ƙafata ta dama ta karye wuri biyu. Wata huɗu ina kwance. Da rana da sauƙi, ana shigowa dubiya, ana hira. Dare ne abin tsoro. Wajen ƙarfe biyu ciwon yake tashi, ga tunanin aiki, ga tunanin ko zan sake tafiya daidai. Na kan yi ƙoƙari in juya a hankali don kada in tashe ta, saboda na san wunin da ta yi. Amma duk lokacin da na motsa, ko tari ban yi ba, sai in ji ta ce, "Ina nan." Ba ta kunna fitila, ba ta tambaya ta me ke damuna. Kalma biyun nan kawai, wani lokaci ta ɗora hannu a kafaɗata. Na tabbata ta faɗe su fiye da sau ɗari a wata huɗun nan.

Ban taɓa yi mata maganar ba tun da na warke. Kuma a wata bakwai da na yi ina rubutu, ko sau ɗaya bai zo mini cewa wannan abin waƙa ba ne. Gani nake ya yi ƙanƙanta. Yanzu tambayata, kalma biyu za su iya riƙe amshi? Kuma ba zai zama waƙar jinya ba maimakon ta soyayya?

Rabi'atu:

Malam Habibu, ni rerawa nake yi, ba na rubutu sosai, saboda haka ta wajen baki da numfashi zan ba ka amsa. Kalma biyun nan sun isa amshi har da saura. Na karanta labarinka na rera su a hankali ni kaɗai, idona ya kawo ruwa.

Amma ka yi hattara da abu ɗaya, shi ne karin sauti. "Ina" iri biyu ce a bakinmu ko da yake rubutunsu ɗaya. Ta tambaya, kamar a "ina kake?", murya tana farawa ƙasa ta hau. Ta "ina nan" kuwa tana farawa sama ta sauko. Idan karin waƙarka ya hau daga "i" zuwa "na", kamar yadda hannu yake son yi a fiyano in an zo amshi, mai sauraro zai ji kamar tambaya kake yi, ka juya maganar matarka ke nan gaba ɗaya. Haka "wuya" take, ta jiki da ta wahala, haka "kuka" na hawaye da ta itace. Ba kowace gaɓa ce dole waƙa ta bi karin magana ba, mawaƙa suna saɓawa kuma ana fahimta saboda sauran jimlar tana taimako. Amma amshin da kalma biyu ne kacal ba shi da sauran jimlar da za ta cece shi.

Abin da nake yi in an ba ni baiti shi ne in faɗe shi da baki sau goma kafin in rera, in saurari inda murya take hawa da sauka da kanta, sannan in ja wannan ya zama waƙa. Gwada da naka. "I" tana sama, "na" ta sauko, "nan" ta ɗan koma sama amma ba ta kai ta farko ba. A fiyano wannan shi ne mi, do, re, wato sunayen matakan sauti, do a ƙasa, re a tsakiya, mi a sama. Ka ga karin amshinka yana cikin maganarta tun daren da ta fara faɗa. Kuma "nan" tana ƙarewa da sautin hanci, ana iya riƙe shi baki kusan a rufe, ya yi ta amo a hankali. Ga wani abu kuma: in ka bar "nan" ta zame daga re ta sauka do, ta zama "nan" ta kusa, wadda ake nuna wurin da mutum yake zaune da ita. Ka ajiye wannan saukar sai amshin ƙarshe, sau ɗaya tak.

Wajen jan sauti, ka ja inda wasali yake dogo a magana. "So" tana jawuwa, "na" ta "ina" tana jawuwa. Idan ka ja gajeren wasali don kiɗa ya nema, kalmar takan lalace. Kuma kowane ɗango ya zama wanda za ka iya rerawa a numfashi ɗaya ba tare da ka yi haki ba, domin ranar da za ka rera mata numfashinka ba zai kai na yau ba.

Malam Isiyaku, a gafarce ni, akwai inda na ɗan saɓa. Ban ga laifin kalmomin da kowa ke faɗa ba in an sa su a mazauninsu. "Ina nan" ɗin ma ai maganar kowa ce, a waya ma ana faɗa kullum. Abin da ya ba ta nauyi shi ne baitin da zai zo kafinta, ƙarfe biyun dare da ƙafar da ta karye. A ganina baiti shi ne naka kai kaɗai, amshi kuwa gara ya zama a buɗe yadda duk wanda ya ji zai iya shiga da nasa labarin. Wadda ta yi jinyar mahaifiyarta za ta ji shi, wanda ke nesa da gida zai ji shi.

Tsoron da ka ambata na waƙar jinya kuwa, a matsayina na mace ina ce maka tsoro ne mai kyau, ka riƙe shi. Ba macen da take so a yi mata waƙar da ta zama takardar godiya ga mai jinya. Kada ka lissafa wanki da ɗauka da ajiyewa. Ka nuna mata ka gan ta a lokacin, ka ga gajiyar da take ɓoyewa. Kuma akwai abubuwan da suka faru a ɗakin nan da ba za ta so wani ya ji ba, ko da waƙar ba za ta fita daga gida ba. Kai ka san su, ka bar su a waje.

Tasi'u:

Yaya Habibu, ni a situdiyo nake, aikina haɗa kiɗa da ɗaukar murya. Anti Rabi'atu ta riga ta gama maka rabin aikina da mi, do, re ɗin nan. In kana kan C, mi da do duk suna cikin kod ɗin C (kod shi ne sautukan da ake dannawa tare), re kuma tana cikin G. Wato "ina" a kan C, "nan" a kan G, sai kunne ya zauna yana jiran a dawo gida. Ranar da ka sauke ta do a amshin ƙarshe ka koma C, jiran ya ƙare. Baiti kuma C, Am, F, G sun ishe ka. Waƙoƙin soyayya marasa adadi a duniya a kan kod huɗun nan aka gina su, ba abin kunya ba ne. Kada ka je neman na biyar don a ce ka iya.

Sauri kuma, yawancin irin waɗannan waƙoƙin tsakanin bugu 60 zuwa 80 a minti suke. Sa naka a 68 ka ji. A wannan saurin, in kowane ɗango ya ci bugu takwas, baiti mai ɗango huɗu daƙiƙa 28 ne. Yi lissafin baiti shida da amshi shida, ka ƙara shiga da kiɗan tsakani, ka ga inda minti bakwai ɗinka ya fito. Ya yi yawa. Ka san dalilin da ya sa waƙar zamani ta zauna a wajen minti uku? Faifan garmaho mai inci 10, mai juyi 78 a minti, kusan minti uku yake ɗauka a kowane gefe, dole mawaƙi ya gama maganarsa a ciki. Ko da kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45 a 1949, gidajen rediyo da kunnuwan mutane sun riga sun saba. Takura ce ta na'ura, amma ta koya wa marubuta yankewa, abin da Malam yake faɗa. Yanzu kuma wata takurar ce, Spotify, manhajar jin waƙa, ba ya lissafa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30, shi ya sa kake jin kowa yana jefo amshi tun farko. Kai wannan bai shafe ka ba. Mai sauraronka mutum ɗaya ce kuma ba inda za ta je, saboda haka bar baitin farko ya yi tafiyarsa a natse kafin amshi ya zo.

Roƙona ɗaya, in za ka ɗauka a na'ura don ta ajiye, kada ka bari a cika maka Auto-Tune, manhajar da take daidaita muryar mawaƙi in ta kauce. Tun da ya fito a 1997 yake taimakon mutane, ni ma kullum ina amfani da shi. Amma in aka matsa shi sosai yana goge 'yar rawar da murya take yi in mutum yana faɗin abin da ya taɓa shi, kuma a irin waƙarka wannan rawar ita ake nema. Na sha ɗaukar mawaƙi sau 15, a ƙarshe mu koma ɗauka ta biyu wadda muryarsa ta ɗan karye a ciki. Kada a sa ganga, kada a sa 'yan amshi. Fiyano da kai. Sannan ka duba kada sautin da ya fi tsawo da wanda ya fi ƙasa su wuce tazarar do zuwa do na sama. In kana ɗaga jijiyar wuya don ka kai, sauke waƙar duka ƙasa, ka rera kusa da muryar da kake magana da ita da dare.

Habibu:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwana tara ban leƙo ba, ina kan aiki. Ga inda na tsaya, tana cin minti biyu da rabi:

Kowa ya kwanta, ciwo bai kwanta ba,
Na juya a hankali, ban kira ki ba,
Fitila a kashe, ko tari ban yi ba,
Ashe ke ma daren ba ki runtsa ba.

Ina nan, ina nan,
Kwanta, ina nan.

Wata huɗu ƙafata ba ta taka ƙasa ba,
'Yan dubiya sun zo, ba su daɗe ba,
Kin rame, kin ce min ba ki gaji ba,
Na sani kin gaji, ban dai faɗa ba.

Sai amshi, sannan ɗan gajeren baiti na ƙarshe:

Jiya kin juya, barci bai zo ba,
Kin zaci na yi nisa, ban yi nisa ba.

Daga nan amshin ya dawo, amma wannan karon ni nake faɗa mata, kuma a nan na sauke "nan" ɗin kamar yadda Anti Rabi'atu ta ce. Baitin ƙarshen ba ƙirƙira ba ce, ya faru a makon nan, mahaifiyarta ba ta jin daɗi kuma abin yana hana ta barci.

Abu biyu ke damuna. Malam, na gudu daga "ta" na faɗa "ba", anya ba laifi ɗaya ba ne? Kuma har waƙar ta ƙare ban ce ina son ta ba ko sau ɗaya. In ƙara?

Malam Isiyaku:

Malam Habibu, Allah ya ba surukarka lafiya.

"Ba" amsa-amo ne mai araha, gaskiyarka, kuma da wani ne ya kawo mini shi da na sa ya canza. A nan na bar maka, domin labarin naka duk na abin da ba a yi ba ne: ba ka kira ba, ba ta runtsa ba, ba ka faɗa ba. Ma'ana ce ta kawo shi. "Kowa ya kwanta, ciwo bai kwanta ba" kuwa kada ka taɓa shi ko da wasali ɗaya.

Gyarana a ɗangon farko na baiti na biyu yake. Ƙirga da yatsa: "Kowa ya kwanta, ciwo bai kwanta ba" gaɓa 11 ne, "Wata huɗu ƙafata ba ta taka ƙasa ba" kuwa 14, kuma kari ɗaya za su hau. Ba yawan kaɗai ba, nauyin ma. Tun ƙarni na 8 da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara ilimin aruli, wato ma'aunin waƙar Larabci, ake auna ta da tsawo da gajartar sauti, kuma harshenmu ma haka yake aunuwa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ɗangon "Kowa ya kwanta" cike yake da masu nauyi, shi ya sa yake tafiya kamar mai ciwo. Wannan kuwa ƙananan gaɓoɓi ne a jere, bakinka zai yi gudu a daidai inda ya kamata ya ja ƙafa. Gwada "Wata huɗu cur ban taka ƙasa ba". Ya dawo 11, kuma "cur" da "ban" za su tsayar da kai.

Maganar "ina son ki", kada ka ƙara ta a waƙar. In ka sauke "nan" ta ƙarshe ka ɗauke hannu daga fiyano, ka bar shirun ya ɗan zauna, sannan ka faɗa mata da baki.